Sabon Daɓen Gidan Doksu

Rana ta faɗa bayan tudu, leburori sun wanke sheburansu sun tafi. Ham Doksu na zaune a bakin ɗakin ajiya yana cin shinkafa da kabeji mai yaji, 'yarsa Narae na gefe tana ɓare tafarnuwa. A ɗakin ajiyar suke kwana tun da aka fara gyaran babban gida. Gidan na tsaye a gabansu ba ƙofa ba taga, warin ɗanyen siminti na fitowa daga cikinsa. Yamma ce irin ta kullum, har sai da kwaɗin gonakin shinkafa suka yi tsit a lokaci guda.

Sai aka fara jifa. Dutse na farko a kan randunan miya ya sauka. Na biyu ya faɗo dab da ƙafar Doksu. Babu yaran da za a zarga, don ƙaramin yaro a ƙauyen shi ne mai unguwa, shi ma ya haura sittin. Doksu ya sunkuya ya ɗauki dutsen. Baƙi ne wuluk da kunkunniya, kuma da ɗuminsa kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Ya gane shi. Gutsuren dutsen tsohon daɓe ne, irin waɗanda da idonsa ya ga an binne ƙarƙashin siminti.

Ya juya zai nuna wa Narae, sai ya tarar ta ajiye wuƙa, ta kafe gidan da ido.

"Baba," ta ce a hankali, "wa ke tari a ciki?"

Saboda Gilja aka fara aikin nan, matar Doksu, wadda ke kwance a asibitin birni ciwo ya cinye mata ƙashin baya. Likita ya ja Doksu gefe ya gaya masa da wuya ta ga ƙarshen girbin bana. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa, a mayar da ita ɗakinta. To amma gidan ginin kakansa ne. Kowace ƙofa da dokinta mai tsayi, madafa sai an gangara, banɗaki can a ƙarshen tsakar gida. Keken guragu ko zaure ba zai wuce ba.

A motar komawa gida dabarar ta zo masa. Ya yage takardar kalanda ya zana abin da ke ransa a bayanta, ya kai wa Bang ɗan kwangila. Bang ya zo da igiyar awo, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, ya dawo da zane mai tsafta: a sare dokin kowace ƙofa, a faɗaɗa ƙofofin, a shigo da banɗaki ciki. Tsohon daɓen kuma, mai faffaɗan duwatsu da hanyoyin hayaƙi a ƙarƙashi waɗanda murhun madafa ke ɗumamawa da hunturu, a rusa shi a cike ramukan, a shimfiɗa bututun ruwan zafi, a malale da siminti daga bango zuwa bango.

Ranar da suka yi musafaha Bang ya sosa ƙeya. "Yaya, ba za a sa rana ba? A yi wainar shinkafa, a zuba wa kusurwoyi giya, a ce wa iskoki masu wurin su matsa? Ni ba wai na yarda da su ba ne, amma ko ubana bai taɓa sa diga a tsohon gida bai yi sallama ba."

Doksu ya duba kalanda, ranar da ta dace sai wani watan. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar haya, bai taɓa isa tasha a makare ba, kuma jira ba ya cikin halinsa ko da lafiya lau.

"Masu wurin ni ne da matata," ya ce. "Gobe ka zo da mutanenka."

Aka zo, aka rusa, aka cike, aka malale. Da Gilja ta tambaye shi ko ya sanar da na ƙasa, ya ce ya sanar, yana gyara mata bargo don kada su haɗa ido.

Daga yammar jifan nan Narae ba ta sake zama daidai ba. Yarinya ce mai hankali, ta baro aikinta na kantin magani a birni don ta taya ubanta. Da rana sai ta zauna shiru, abinci sai an yi da gaske. Da almuru ya kawo jiki kuwa sai ta miƙe ta shiga gidan, ta durƙusa daidai inda bangon madafa ya haɗu da babban ɗaki, ta kara kunnenta a daɓe. Sannan ta fara tono da farce. Doksu ya riƙe ta, ta yakice shi kamar an yar da tsumma. Muryar da ke fita daga bakinta ta wata tsohuwa ce, dusasshiya, kuma magana ɗaya take maimaitawa: "Tsoho, kana ji na? Tsoho, ka amsa mana."

An kai ta asibiti, an auna jini, an ɗauki hoton kai, aka ce gajiya ce. Suka dawo, magariba ta yi, ta koma tononta har yatsunta suka yi jini. Duwatsu kuma ba su fasa faɗowa ba. Leburori suka daina zuwa. Doksu ya shiga tsaka mai wuya, da safe yana wurin uwa yana ce mata aiki na tafiya, da yamma yana ɗaure wa 'ya yatsu. Tsoro ya ci shi, baƙin ciki ya fi tsoron yawa.

Bang ne ya kawo Malam Pyo a bayan motarsa. Tsoho ne ɗan firit mai farar riga, wanda ya gaji littattafan korar iska daga malaminsa, ya haddace su tun idonsa na gani sosai. Bai yi gaggawar komai ba. Ya zagaya gidan, ya shafa daɓen da tafin hannu, ya yanka fararen takardu ya rataya a bakin ƙofofin da babu ƙyaure. Da rana ta yi ja ya zauna a gaban Narae, ganga a dama, ƙaramar ƙararrawar tagulla a hagu, kwalba da curin jar laka a gabansa. Ya fara karatu da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Karatun ya yi nisa kafin Narae ta ɗago. Bayanta ya ranƙwafa, leɓɓanta suka shige ciki kamar na mara haƙori.

"Ya isa haka, mai ganga. Ka cika min kunne."

"Wace ce ke?" in ji Malam Pyo.

"Tambayi wancan mai saurin. Tun kakansa na yawo ba wando muke zaune a wurin nan."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ita ta fara taka sabon daɓen. Ba ta yi min komai ba. So nake ubanta ya ji yadda ake ji."

Doksu ya buɗe baki, Malam Pyo ya ɗaga masa hannu ya hana shi, ya koma kan tsohuwar.

"Faɗi abin da aka yi miki."

Muryar ta yi ƙasa. "Mijina ƙafafunsa sun mutu tun da daɗewa. A ramin da ke kusa da murhu nake kwantar da shi, nan ne ya fi ɗumi. Matar gidan nan ta san da mu. Ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba tare da ta yi gyaran murya ba. Da an ce mana mu matsa, da na goya shi na haura tudu da shi. Na fita neman abin da zai ci, na dawo na tarar an shafe wurin sumul. Da fari yana amsa ni. Yanzu ya daina."

Bang ya sunkuyar da kai.

"Me kike so?" Malam Pyo ya tambaya.

"A fasa. Da hannunsa, ba da na leburori ba. Sannan kada a buga ko ƙusa, kada ɗan Adam ya kwana a ƙarƙashin rufin nan, sai ƙanƙarar farkon hunturu ta sauka. In da sauran numfashinsa in yi jinya, in babu in yi takaba."

"Kin yi tsada." Malam Pyo ya tura kwalbar gaba kaɗan. "Kin san wannan?"

"Na san ta. Tura ni ciki ka liƙe da lakarka. Amma ba ni kaɗai zan shiga ba, sai na tafi da rabin hankalin yarinyar."

Tsohon ya juyo ga Doksu, ya yi magana kamar mai faɗin farashin taki. "Zan iya kulle ta, gobe a ci gaba da aiki. Wasu 'ya'yan suna tashi garau bayan haka, wasu ba sa sake gane iyayensu. Ban san wanne 'yarka za ta zama ba. Gidanka ne, kai za ka faɗa."

Doksu ya rarrafa ya durƙusa a gaban 'yarsa, yana kallon idon da ba nata ba.

"Iya, na yi laifi, ban musa ba. Amma matata na kwance, kwanakinta sun kusa ƙarewa. Ɗakinta kawai take son gani. Ki bari in ƙarasa, in ta zo ta tafi, in rushe miki gidan gaba ɗaya."

"Taka tana da gado da bargo, da mai kawo mata ruwa," muryar ta ce. "Nawa yana cikin duhu, da siminti a ƙirji."

Doksu ya dubi yatsun Narae da ke naɗe da ƙyalle, jini ya ɓullo ta saman ƙyallen. Ya daɗe yana kallonsu.

"Malam, ɗauke kwalbar."

Malam Pyo ya mayar da ita aljihu, sannan ya koma ciniki, don aikinsa ke nan. Ya ce ƙanƙara ta yi nisa. Ta ce a bari sai an gama girbi. Ya ce a'a. Suka ja, suka ja, har ta sauko zuwa cikar wata, ta ce kuma don darajar matar gidan ta yi, ba don mijin ba. Ya sa ta rantse za ta saki yarinyar da zarar daɓen ya tsage, kuma ba za ta waiwayo ba.

Bang ya miƙo babbar guduma. Doksu ya tsaya a kan daɓen da ya ɗora dukan burinsa a kai, santsi kamar faranti, ya ɗaga ya buga. A bugu na farko ba abin da ya faru. Ya yi ta bugawa yana kuka, bai damu da wa ke kallonsa ba, har simintin ya dare, bututu ya fashe, wata iska mai warin tsohon hayaƙi ta huro daga ƙasa. Narae ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube a gefe. Da ta buɗe ido ta dubi hannayenta, ta dubi ubanta.

"Baba, me ya sami hannuna? Kai kuma me ya sa kake fasa ɗakin Mama?"

Da safe suka ga sawu a kan toka, daga bakin ramin zuwa hanyar tudu. Sawun mutum ɗaya ne, ƙanana, sun nutse ƙwarai kamar na wadda ta ɗauko kaya mai nauyi. Ko mai rai ta goya ko gawa, ba wanda ya sani.

A ranar Doksu ya gaya wa Gilja gaskiya, bai rage komai ba. Ta saurara ido a rufe.

"Baban Narae," ta ce, "tun ina amarya nake lallaɓa mutanen nan, ka zo ka ɓata min a yini ɗaya. Kai dai ko lahira za ka riga kowa isa tasha." Ta ɗan yi dariya, dariyar ta koma tari. "Yarinyar ta ci abinci?"

"Ta ci."

"To shi ke nan. Da ka zaɓi ɗakin ka salwantar min da 'ya, da ban shiga ba. Mu jira watan."

Ta yi ƙoƙarin jira, Allah ya sani. Kullum sai ta sa a ɗage mata labule ta ga inda watan ya kai. Ya wuce rabi kaɗan ta cika, da hantsi, Narae na riƙe da hannunta.

Ranar jana'iza, kamar yadda aka saba, motar gawa ta biyo ta ƙauye ta tsaya a ƙofar gida don mamaciya ta yi bankwana da ɗakunanta. Narae ta fito rungume da hoton uwarta mai baƙin ƙyalle a kusurwa. Maƙwabta suka tsaya a tsakar gida. Doksu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ko da yake ciki duk ɓaraguzai ne, ya shiga gaba yana share hanya da ƙafa.

"Uwar Narae, kin iso," ya ce. "Nan ne za a sa gadonki, ta inda rana ke shigowa. Can banɗaki ne, ba sai kin fita cikin sanyi ba. Ba a gama ba, ki yi haƙuri."

Narae ta juya hoton dama, ta juya shi hagu, a hankali, don ta gani da kyau. Da suka zo tsakiyar babban ɗaki Doksu ya tsaya ya miƙa hannu, ba wajen 'yarsa ba, wajen hoton.

"Bi a hankali," ya ce. "Akwai rami a nan."