Fakon Pogbi

Pogbi Zalle ta iso ofishin 'yan sanda da hantsi, ƙafafunta duk taɓo. Ta kwance bakin zanenta a kan teburin Sufeto Pare. 'Yan tsiron dawa ne, sun ƙone tun daga saiwa.

"An kashe min gona," in ji ta.

Sufeto Pare Basamo ne, mu kuwa Moshi. Wasa ne tsakaninmu da su tun kakanni, kuma ba ya gaisawa da Bamoshe sai ya kira shi bawa. Ya dubi fuskar matar, ya ajiye wasan.

"Gonarki ce, Inna?"

"Aro ce. Ƙasar tsoho Rawa Porgo ce, a Songdin."

Kowa a Songdin ya san wurin. Fako ne a da, jan dandali mai tauri, ruwa ya faɗo ya wuce ko jiƙa shi bai yi ba. Da mijinta ya rasu ta roƙi Rawa, ya ba ta don tausayi. Ta haƙa ƙananan ramukan shuka da muke kira zai da rani, ta zuba kashin awaki a kowanne, ta jera duwatsu su tare ruwa. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Shekara bisa shekara fakon ya farfaɗo, har dawarta ta fi ta masu gado.

A wurinmu ba a karɓe aron ƙasa daga hannun mai nomanta, sai in ƙasar ce ta ƙi shi. Bana ruwa ya sauka daidai, shukar kowa ta tashi, tata kuwa aka ga tana mutuwa. Mutane suka ce ƙasa ta ƙi Pogbi. Tengsoba, mai kula da al'amarin ƙasa, ya hana kowa shiga gonar har ranar kasuwa, ranar da zai yanke magana. In ya ce ta fita, ba ta da wani wurin shuka, ga yara a gida.

"Wa kike zargi?"

"Ban ga kowa ba. Amma ƙasar nan na san ta, ta san ni. Ba ta ƙi ni ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce da kofur ya tayar da mota.

A bakin gonar suka tarar da mutane cirko-cirko. Wani mai fara'a ya fito daga cikinsu, hannayensa naɗe da tsumma. Lamusa Zida ke nan, maƙwabcin gonar. Shi yake ara wa Pogbi amalanken jakinsa in za ta ɗebo duwatsu.

"Sannu da zuwa, bawana," in ji Lamusa. "Amma tsaya nan. Tengsoba ya hana shiga."

"Ya hana ku. Ni da nake shiga kabarin kakanku in zauna, ba a binne shi sai an ba ni goro, gona ce za ta gagare ni?"

Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, Basamo dokarmu ba ta kama shi. Ya tsallake duwatsun ya shiga.

Ya bi ramukan layi-layi. Na gefen hanya duk sun mutu. Da ya nutsa ciki sai ga dawa kore shar, tana kaɗawa. Ya dawo baya, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar mataccen rami ya murza. Santsi take yi kamar sabulu. Akwai ɗan yanka a yatsansa, ya ji ya yi masa raɗaɗi. Ya ƙulla ƙasar a hankici, ya ƙulla ta rami mai rai a wani.

"Ku Moshi ƙasarku malalaciya ce irinku," ya ce da ya fito. "In ta yi fushi iyakarta bakin hanya. Ba ta iya ƙarasawa tsakiyar gona."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

"Yaushe aka fara ganin abin?"

"Washegarin jana'izar sarkin Kolgo," in ji Pogbi. "Ranar duk gari mun tafi can."

Lamusa ya jawo Sufeto gefe, ya rage murya. "Ba na son tsegumi. Amma Sibiri, ɗan tsoho Rawa, bai je jana'izar ba. Kuma da kunnena na ji ya ce sai ya zuba wa gonar nan gishiri."

"Kai ka je?"

"Tun da sassafe."

"Me ya sami hannunka?"

"Takin zamani. Ba ya shiri da fatata."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya nufi gidan Rawa.

Tsohon yana zaune a rumfa, matarsa Kudbi tana tsintar ganyen yakuwa kusa da shi. Sibiri yana gefe da baƙin tabarau. Bara ya dawo daga gonakin koko na kudu, tun daga nan fartanya ba ta ga hannunsa ba.

"Yaba, ina gajiya?" in ji Sufeto, yadda muke kiran tsofaffi. "Har yanzu ba ka mutu na ci naman sadaka ba?"

"Sai na binne ka tukuna, maci kare. Zauna."

Sufeto ya juya kan Sibiri. "Ina kake ranar jana'iza?"

"Wahiguya. Na je gyaran babur."

"Babur ɗin da ya kwana a zaure?" in ji Kudbi, ba ta ɗago ba.

Sibiri ya cire tabarau. Ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa. "Ina wurin mai burkutu. Tun safe har la'asar. A tambaye ta."

"Ka ce za ka zuba wa gonar Pogbi gishiri?"

"Na faɗa. Ƙwaryar burkutu nawa na sha a lokacin, ban sani ba. Ina son wurin in yi shago, bakin hanya ne. Amma ni da ɗaukar buhu a rana? Haba, Sufeto."

"Wannan kam gaskiya ya faɗa," in ji Rawa.

Sufeto ya roƙi Kudbi jiƙon zoɓo wanda ba a sa wa sukari ba, da ƙore uku. Ya raba zoɓon. A ta farko ya zuba ƙasar rami mai rai ya dama. Ruwan ya yi duhu kaɗan, amma ja ne. A ta biyu ya zuba gishirin miya. Ja ne. A ta uku ya zuba ƙasar mataccen rami. Kafin ya gama damawa ruwan ya juye kore, ya doshi baƙi.

Kudbi ta leƙa. "Toka ce. Haka yakuwa take yi in hannuna ya yi nauyi da ruwan toka."

"Toka ce, Inna. Ba gishiri ba." Sufeto ya goge yatsansa. "Kuma bambancin babba ne. Gishiri in ya shiga irin wannan ƙasa yana zama, ya hana saiwa shan ruwa, a yi shekaru ana fama. Ruwan toka mai kauri yana ƙone tsiro yau, amma in ruwan sama ya tsinka shi abincin shuka ne. Wanda ya yi wannan bai so ƙasar ta mutu ba. Yana son ta. Manomi ne, yana shirin shuka a wurin baɗi."

Sibiri ya saki ajiyar zuciya, ya mayar da tabarau.

"Yaba, wa ya roƙe ka wurin?" in ji Sufeto.

Tsohon ya ce, "An kawo min kaza kafin ruwan fari. Na ce da mai ita wurin yana da mai nomansa. Ya ce in wata rana ya zama babu fa? Na ce wannan na ƙasa ne, ba nawa ba."

"Wane ne?"

"Ba a faɗin sunan mai roƙo. Kunya ce."

"Riƙe kunyarka. Inna, ruwan tokar miya ɗan kwano ne. Wa ke tara shi ganga guda a garin nan?"

"Mai sabulu," in ji Kudbi. "Nongma, matar Lamusa."

Suka sami Nongma a bayan gida, tana juya man kaɗanya. Tukwanen sabulu a kife. Da ta ji Sufeto yana son saye sai ta yi tsaki.

"Sabulu? Je ka tambayi jakin maigida. Duk rani ina ƙona karan gero, ina tace toka, na cika ganga. Na dawo daga jana'iza na tarar da ita fanko. Wai jaki ne ya ture ta."

"A ina ta zube?"

Ta nuna gindin katanga. Ciyawa ce a wurin, sabuwa, tsaye.

"Tare kuka tafi Kolgo da shi?"

"Ina fa. Ya ce in yi gaba. Sai da aka fara rabon tuwo ya iso, shi da ba ya makara wurin abinci."

Sufeto ya karɓi gorar ragowar zoɓon Kudbi daga hannun kofur. Ya tsiyaya a gindin katangar. Ƙasa ta shanye shi ja. Ya taka zuwa amalanken da ke jingine a rumfa, ya tsiyaya a kan katakon ciki. Tabo kore ya bazu, ya bi tsagin katako har baki.

Nongma ta saki muciya.

A lokacin Lamusa ya shigo, yana murmushi. Bayansa ga tsoho Rawa da sandarsa, da Tengsoba, da Pogbi, da rabin gari. Labari a Songdin ba ya jiran ɗan aike.

"Bawana, har gida? Da ka faɗa da an yanka maka kare."

"Kwance hannunka."

"Na ce maka taki ne."

"Wane taki? Ba a fara zubawa ba, shuka ba ta kai ba. Kwance."

Ya kwance. Fatar tafin ta saɓule, tsakanin yatsu ya yi fari, irin hannun mai sabulu da ya yi ganganci.

"Ka ce ka tafi Kolgo da sassafe. Matarka ta ce da rabon tuwo. Ka ce jaki ya ture ganga a nan. Ciyawa ta ce ƙarya ne. Amalankenka ya ce shi ya ɗauke ta. Ka tsaya a hanya kana ɗiba da bokiti, shi ya sa iyakar ɓarnar bakin hanya. Sannan ka ɗora wa mashayi, don ka san ba mai yarda da shi."

Lamusa ya dubi Rawa. Tsohon ya kawar da kai.

"Ban kashe ƙasar ba," in ji Lamusa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Na kula. Toka ce kawai. Da gishiri ne da na zama mugu."

"Me ya sa?"

"Gonata ta gaji. Tun ubana ake cin ta, ba ta ba da komai sai ciyawar ƙuduji. Kullum ina ganin tata ta kan duwatsu. Na ce in Tengsoba ya fitar da ita, ni ne maƙwabci, ni za a ba."

"Ka ari bakin ƙasa ka yi ƙarya da shi," in ji Tengsoba. Ba mai yawan magana ba ne. Ya juya wurin jama'a. "Ƙasa ba ta ƙi matar nan ba. Na ɗage hani. Ta shiga gonarta."

Pogbi ba ta motsa ba. Ta kamo hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, faɗa min gaskiya. Ramukan nan za su sake haihuwa?"

"Ki kwashe ƙasar sama daga waɗanda suka ƙone, ki watsa ta nesa-nesa. Ki jira ruwa mai ƙarfi guda, ki ƙara taki, ki sake shuka. Dawa ta makara a wurin, sa gero mai sauri ko wake. Na ciki kuwa ba abin da ya same su, na gani da idona. Za ki ci tuwo bana."

Ta saki rigar. Ta rufe fuska da tafi biyu, kafaɗunta suka sauko. Kudbi ta dafa ta, ta ce tana da irin wake, ta aiko a karɓa. Sibiri ya ce zai taya ta kwasar ƙasa. Ubansa ya ce a bari sai an gani.

Kofur ya fito da ankwa. Sufeto ya dubi hannayen Lamusa ya ce a bar ta, a riƙe shi a damtse. Aka bi da shi ta tsakiyar mutane zuwa mota. Da ya zo daidai Pogbi ya sunkuyar da kai.

"Lamusa," ta ce.

Ya tsaya.

"Fako bai ƙare a garin nan ba. Ga shi can har bayan dutse, ba mai so. Da ka tambaye ni, da na nuna maka yadda ake haƙa."

Kofur ya buɗe masa ƙofa, ya shiga.