Jatau da Zomanya Mai Ciki

A wani gari, wanda sunansa ya ɓace tare da tsofaffinsa, an yi wani mafarauci wai shi Jatau, mai kare Guguwa. Rani ya ci zomo, damina ya ci zomo, har zomaye suka yi wuyar gani.

Wata rana yana riƙe da igiyar Guguwa, sai ga zomanya a bakin gonar wakensa, ciki ya yi mata nauyi. Kare na fizga, cikin Jatau na ƙugi. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu wani zomo sai ita. Ya ƙara naɗe igiyar a hannunsa.

Da ya koma gida, matarsa Tabawa ta leƙa jaka ta ce, "Maigida, yau kare ne ya gaji ko mai karen?"

"Kaɗa kuka kawai, Tabawa."

Da labari ya bazu, abokansa mafarauta suka laƙaba masa Makiyayin Zomo.

Da shekara ta kewayo, daji ya yi tsit, sai a gonar Jatau zomaye ke tsalle-tsalle. Abokan suka zo da karnukansu suna murmushi.

"Makiyayi, a taimaka mana mana."

"Sai rani," in ji Jatau. "Mai ciki kuwa, a ɗaure kare."

Zomayen sun cinye rabin wakensa. Jatau dai bai kai ƙara ba.