Lotsawar Madigadin Hagu

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba fuskarsa ta gani ba. Ƙafafunsa ta gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota, tartsatsin walda na zuba a gefensu. Ta yi sallama har ta gaji. Janwen da ya jawo motar Baba ya sauke ta ya yi gaba, rana na dukan tsakar kan Auta, mutumin nan kuwa ko gezau.

Sai da ta ƙwanƙwasa ƙarfe da mukulli sannan ya zamo waje, ya ɗage baƙin gilashin fuskarsa. Dogo ne siriri, mai sanyin ido. Auta ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta yi maza ta danne shi, don ba abin da ya kawo ta ke nan ba.

Shi kuwa ko kallo biyu bai yi mata ba. Motar ya tsura wa ido, ya zagaye ta yana murmushi kamar ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe a tafiya. Daga nan ya zaro sukundireba ya caka a ƙasan ƙofa. Ta shige zuruf.

"Malam! Gyara na kawo, ba ɓarna ba!"

"Ba ni na huda ba, Hajiya. Tsatsa ce ta huda, ni nuna miki kawai na yi."

Motar ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Baba ya saye ta tun yana saurayi, shuɗiya mai zagayayyun fitilu, kuma ta yi shekaru a bayan gida kaji na kwana a cikinta. Yanzu idanun Baba sun fara dushewa, likita ya ce ba za su dawo ba. Wata rana Baba yana shan shayi ya ce da ma zai sake shiga motar nan ko sau ɗaya. Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Yayanta ya tayar da injin, ita ta ɗauki nauyin bodi.

"Sharaɗi ɗaya," in ji ta, ta nuna madigadin hagu, ƙarfen da ke saman taya, inda ya lotsa kamar gindin kwano. "Wannan kar ka taɓa shi."

Mai walda ya yamutsa fuska kamar an ce ya bar ƙaya a ƙafarsa. "Wannan? Ai kafin ki ƙifta ido na buge ta."

"Na ce kar ka taɓa."

Dole ta ba shi labarin. Mama ce ta yi lotsawar tana amarya, ranar da Baba ya ce zai koya mata tuƙi, ta taka totur a maimakon birki ta rungumi ginshiƙin ƙofar gida. Tun daga ranar Baba bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Direba, kuma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga wurin.

Mai walda ya yi dariya, ya ce ya ji.

"To yaushe za ka gama?"

"Sai abin da tsatsa ta ce."

Da Auta ta san abin da wannan amsa ke nufi, da ta kira janwen ya dawo. Kullum ta taso daga kantin maganin da take aiki sai ta biya garejin, kuma kullum sai ta tarar motar ta ragu. Yau babu ƙofa, gobe babu but, jibi kana hango ƙasa ta inda kujera take. Mai walda sai ya yanke duk inda tsatsa ta ci har ya kai ga farin ƙarfe, ya auna ramin da kwali, ya yanko sabon falle daidai da shi, ya lanƙwasa da guduma. Waldar ma ɗigo-ɗigo yake yinta, ya ɗiga nan ya koma can, sannan ya zauna yana jira ta huce.

"Ka ja ta gaba ɗaya mana, a wuce wurin!"

"In na ja, ƙarfen zai ɗau zafi ya murɗe. Ki zauna, Hajiya Yaushe, ga benci."

Sunan da ya liƙa mata ke nan. Ita ma ta rama, ta sa masa Sarkin Tsatsa a wayarta. Sai dai bencin da ta ce ba za ta zauna ba, a kansa la'asar ke riskarta kusan kullum, tana mita tana miƙa masa filaya.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Hajiya Yaushe, na buɗe ƙasan but na sami sabuwar tsatsa. Na yi farin ciki ƙwarai, don za ki ƙara zuwa."

Ta rubuta: "Allah ya shirye ka. Yaushe?"

"Motar ko maganarmu?"

Auta ta kifa wayar a kan kanta, ta ba wani tsoho canjin da ba nasa ba. Sai can da rana ta amsa: "Ka fara gama ɗaya, Tsatsana." Tana turawa ta yi da-na-sanin wannan kalma ta ƙarshe, amma bakin alƙalami ya bushe.

A gida kuwa akwai ɗan Gwaggo, mai shagon fentin mota, wanda ya daɗe yana zarya saboda Auta, turarensa na riga shi shigowa. Ya samu Baba ya zauna ya tsara shi. Wai da shi aka ba aikin, da ya cike ramukan da fila, ya goge da samfefa, ya watsa fenti, cikin mako an gama.

"Fila a kan tsatsa?" in ji Auta daga bakin ƙofa. "Damina ɗaya za ta kumbura ta zubo."

Baba ya juyo da kunnensa wajenta. "Yaushe kika zama mai gyaran bodi? Bakinki ya cika da maganar yaron nan."

Da mai walda ya wanke hannu ya sa farar riga ya zo gaisuwar neman Auta, Baba bai ɓoye masa komai ba.

"Samari, mutumin da ya kasa gama mota, shi zan ba 'ya? Na aika maka mota sukutum, an ce min yanzu ta koma kejin kaji. Ka dawo min da ita yadda na san ta, sannan mu yi magana."

"In sha Allahu, Baba."

Auta ta zaci zai yi sauri. Ina! Aiki na dab da ƙarewa sai ya ce wani sabon abu ya taso, kuma ta daina zuwa garejin sai ya neme ta. Ta tambaye shi mene ne, ya ce ta yi haƙuri. Ta yi fushi, ta huce, ta sake yin wani, shi dai haƙuri yake ba ta kamar wanda aka biya don ya ƙular da ita.

Ranar da ya kawo motar, har maƙwabta sai da suka fito. Shuɗin nan na ɗaukar ido, ƙofofi na rufuwa ɗif ba ƙara. Auta ta riƙo hannun Baba ta kai shi. Ya shafa but, ya bi ƙofa da tafin hannu yana gyaɗa kai, har ya iso madigadin hagu.

Hannun ya wuce sumul. Ya dawo baya, ya sake wucewa, ya laluba sama da ƙasa.

"Wannan ba motata ba ce," in ji Baba a hankali. Ya saki hannun Auta ya lallaba ya shige gida.

Auta ta juya ga mai walda. "Abu ɗaya! Abu ɗaya tak na roƙe ka! Idonka ne ba zai iya ganin karkatacce ya ƙyale ba, ko?"

Ya buɗe baki, ya dubi wajen tagar kicin, ya rufe. "Ki yi haƙuri."

"Ka riƙe haƙurinka, na ƙoshi."

Da yamma saƙonsa ya zo: "Hajiyata, ban karya miki alkawari ba. Ba zan iya cewa fiye da haka ba."

Ta amsa: "Ni makauniya ce? Kar ka sake nemana." Ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta, rabi don Baba, rabi don haushin har yanzu tana son mutumin. Ɗan Gwaggo kuwa ya dawo da zaryarsa, har da tayin zai sa a lotsa wurin in ana so. Baba ya kawar da kai.

Baba ya daina zolaya. Abin da ya fi damun gidan ke nan. Ya daina cewa Direba, sai dai ya ce "ke", ko ya yi shiru. Kullum da safe Auta za ta gan shi tsaye a gefen motar, hannunsa na yawo a kan madigadin kamar mai neman abin da ya faɗi.

Wata safiya Mama ta fito da tire, ta gan shi a haka, ta dire tiren da ƙarfi.

"Malam, ka bar ɗora wa yaron nan. Ni na je garejin da ƙafata na ce ya cire ta, na kuma sa ya yi min alkawarin ba zai faɗa ba."

Auta ta dafe ƙirji. "Mama!"

"Eh, ni! Na gaji! Na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, amma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga wautar da na yi ina yarinya. Ba ni da wani abin tunawa a gidan nan sai wannan?"

Baba ya juyo wajen muryarta.

"Ashe haka kika ɗauka," ya ce. "Fuskarki ta fara ɓace min, ko kina gabana sai dai inuwa. Amma in na sa hannu a wurin nan, sai in gan ki ras, ɗankwali ya zame, kina kuka kina dariya, kina cewa kar in faɗa wa babanki. Nan kaɗai ya rage min da nake ganinki sosai."

Mama ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta juya ta shige ɗakin ajiya, ta fito da guduma, hawaye na bin fuskarta.

"Matsa, Malam. Ni na yi ta farko, ni zan yi ta biyu."

Auta ta riƙe mata hannu da ƙyar, ɗaya hannun na laluben waya. "Ka zo yanzu," ta ce da mai walda ya ɗauka. "Mama ta faɗi gaskiya, kuma ga ta nan za ta rotsa motar!"

"Ki riƙe ta! Don Allah kar ta taɓa fentin nan!"

Ba a jima ba sai ga shi a kan babur, ya rungumo wani abu naɗe cikin bargo. Ya shimfiɗa a tsakar gida ya warware. Tsohon madigadin ne, an kankare tsatsarsa, an yi masa walda ta ciki, an fesa masa shuɗi iri ɗaya da na motar. Lotsawar na nan yadda take.

"Mama ta ce in cire, ke kin ce kar in taɓa," in ji shi yana sosa ƙeya. "Sai na kwance shi ɗungurungum na ƙera wani. Shi ne aikin da ya riƙe ni."

"Kuma ka bar ni ina ta zazzaga maka masifa?"

"Na yi wa Mama alkawari. Masifarki kuma ai na saba."

Auta ta rasa ko ta rungumi madigadin ko ta kwaɗa masa shi a ka. Ta zauna a kan dakali tana hararar sa, murmushi na ƙwace mata, shi kuma ya durƙusa da sifana ya kwance sabon ya mayar da tsohon. Ko a nan sai da ya tsaya daidaita tsagar da ke tsakaninsa da ƙofa, har Mama ta ce, "Kai ɗan nan, ka ɗaure mana haka nan!"

Baba ya matso. Hannunsa ya bi ƙarfen, ya faɗa cikin lotsawar, ya tsaya a nan. Ya lumshe ido.

"Samari."

"Na'am, Baba."

"Ka turo manyanka. Amma ka ji, ban yarda a yi min ɗigo-ɗigo a wannan maganar ba."

Kafin mai walda ya kai bakin titi saƙon Auta ya riske shi: "Yaushe?"

Ya amsa: "Yau ba ruwan tsatsa, Hajiyata. Gobe."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure, kuma a shuɗiyar motar aka kai amarya, ango na tuƙi a hankali har Auta ta fara mita daga cikin mayafi. Kafin su tashi, Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su tsufa tare, ya ba kowannensu haƙurin ɗan'uwansa, musamman ango. Jama'a suka amsa da amin suna dariya.

Da motar ta fice, Baba ya miƙa hannu gefensa yana lalube.

"Direba?"

Mama, wadda ta yi shekara da shekaru tana amsa sunan nan da tsaki, ta kama hannun ta riƙe gam.

"Na'am, Malam. Ga ni."