Fankar da Ya Kafa a Kan Rijiya

"Malam Maharazu, mun zo tafiya da 'yarmu."

Malam Alu ne, kawun surukata Mu'minat. Daga Kibiya ya zo da motar haya. Jiya ta fita takaba.

"Na ji," na ce.

"Uwarta tana kwance, babu mai jinya. Saura maganar yarinya..."

Yarinyar ita ce Jannatu, jikata. Ita kaɗai ɗana ya bari. A gidanmu ɗan marigayi ba ya bin uwa, dangin uba ke riƙewa. Kalma ɗaya zan faɗa ta zauna.

Marigayin ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Injiniyan jiragen sama ne, a Turai yake aiki. Ni ban wuce allo ba. Na taɓa tambayarsa aikin nasa, ya ce, "Baba, iska nake karanta, yadda take ɗaukar fiffike." Na ce ai matan garinmu Zurgu ma sun san iska ranar shiƙa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Duk hutu yana gida da iyalinsa. Ba shi da kunya a kan matar nan. A gabana yake ce mata "hasken idona". Ya goya Jannatu da zani ya fita ƙofar gida, mutane suna kallo! Ran da igiyar guga ta yanki tafin hannun Mu'minat, ya hana kansa sakat sai da ya kafa fanka a kan rijiya, iska ta juya ta, ruwa ya hau da kansa. A hutun ƙarshe ciwon zuciya ya ɗauke shi a ɗakin da aka haife shi. Tun ranar fankar take ɗaure. Na koma guga.

Mu'minat ta fito ta durƙusa daga nesa, Jannatu tana riƙe da hijabinta.

"Baba... Inna ba ta da kowa sai ni. Amma in ka ce in bar ta..." Ta jawo Jannatu jikinta. "Wallahi ban san yadda zan yi ba!"

Jannatu ta leƙo. "Kaka, kai ma ka shiga motar mana."

"Ke amarya, tun ban mutu ba za ki yi yaji?"

"Ai ba ka da haƙora!"

Malam Alu ya yi dariya. Ni na kasa. Na dubi yarinyar, goshin ubanta ne sak. In ta tafi, gidan nan ya zama kango. In ta zauna, kullum zan ga abin da shi bai taɓa yarda ya gani ba, hawayen matar nan, ko tana Kibiya.

"Ku tafi da ita," na ce. "Duk ranar Juma'a a kawo min ita in gan ta."

Mu'minat ta fashe da kuka. Ta tashi, ba motar ta nufa ba, sai rijiya.

"Baba, zo ka gani. Ya koya min, ya ce kar in bari ka koma jan guga."

Ta nuna min ƙarfen da ake ja. Na ja. Fankar ta yi ƙara, ta motsa, ta kama juyi. Ruwa ya zubo a kwatarniya.

Motar ta tashi. Ban ɗaga hannu ba, ba halina ba ne. Na tsaya a gindin fankar har suka ɓace a kwanar hanya.

Da na tabbatar babu mai ji, na ce, "Salahuddeen."