Muryar Umma a Cikin Kiɗan Na-ɗaki

Ranar Asabar da hantsi Auta na tsaye a ƙofar ɗakin da mijinta yake kira sutudiyo, tana bugun ƙofar da gwiwar hannu saboda tiren shayin da take riƙe da shi.

"Na-ɗaki! Ka buɗe mana, hannuna ya gaji!"

Sai da ta buga sau uku kafin ya leƙo, hedifon rataye a wuyansa. Tun yana makaranta aka laƙaba masa wannan suna, kuma bai taɓa ba sunan kunya ba: idan ka gan shi a titi sau biyu a mako, to lallai wata waya ce ta ƙone yake neman madadinta. Kiɗan da yake yi ba na rawa ba ne, babu ganga, babu baiti. Ɗigar famfo, kukan fanka, ƙarar ƙofa, su yake ɗauka da wata 'yar rikoda, ya zuba a kwamfuta, ya ja su ya miƙar da su har su zama wani sauti mai sanyi da masu karatu da masu neman hutun kai suke saurare a intanet. Auta kaɗai ce a danginta take ganin wannan sana'a ce, kuma a kan haka ta aure shi.

"Yaya zai zo gaida Umma yau. Filis, ka fito falo ko na minti goma ne."

"Zan fito," ya ce, yana kallon tiren maimakon fuskarta.

Mako shida ke nan ba ya iya haɗa ido da ita, balle da Umma, kuma ya san dalili.

Umma mahaifiyar Auta ce. Bayan rasuwar Baba, Auta ta roƙe ta ta dawo wurinsu don gidan Yaya ya cika hayaniya. Mace ce mai dakiya, wadda ko ranar rasuwar ita ce take rarrashin masu zuwa rarrashinta. Wata safiyar Talata, bayan Auta ta tafi ɗakin gwajin jinin da take aiki, Na-ɗaki ya ɗora rikodarsa a saman firji don ya ɗauki tafasar butar lantarki, ya koma ɗaki ya manta da ita. Da rana da ya zauna saurare, sai ya ji tafasar ruwa, ya ji takun silifa, ya ji an ajiye kofi biyu a kan tebur. Sai ga muryar Umma ƙasa-ƙasa, ta kira Baba da wani suna da ko 'ya'yanta ba su taɓa ji a bakinta ba.

"Ka ga na sake ɗauko biyu."

Daga nan ta fara kuka, irin wanda ake yi da baki a rufe, tana haɗa shi da wani ɗan guna-gunin waƙa. Minti huɗu cif.

Abin da ya kamata ya yi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Yatsansa har ya kai kan maɓallin gogewa. Amma kunnensa ya riga ya ji cewa bai taɓa ɗaukar sauti mai kyawun wannan ba, kuma son zuciya ɓacin zuciya. Ya ce bari ya gwada sau ɗaya kawai. Ya cire ƙarar firji, ya ja muryar ta yi tsawo, ya shimfiɗa mata sautin kibod ɗin kiɗa a ƙarƙashi. Ya gaya wa kansa babu mai ganewa. Bayan kwana goma ya ɗora a intanet, mutane suka yi ta rubuta masa cewa kiɗan ya sa su hawaye. Duk yabon da ya karanta sai ya ji kamar ya haɗiyi tsakuwa. Da Auta ta tambaye shi sabon aikin da yake ta ɓoyewa, sai ya ce ba a gama ba.

Yaya ya iso da azahar da warin man injin garejinsa da muryarsa mai cika gida. Ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya juyo.

"A'a, yau rana ta fito daga yamma! Na-ɗaki a falo! Ya sana'a? Har yanzu kana nan kana ɗaukar kukan firji?"

"Yaya ke nan," Na-ɗaki ya ce da murmushin dole.

"Ni fa kiɗanka ko akuya aka sa wa sai ta yi hamma."

Auta ta zumɓura baki. "Yaya, wallahi ka daina raina shi. Sabon da ya fitar mutum dubu tamanin suka saurara! Jiya wata abokiyar aikina ta turo min, shi ko gaya min bai yi ba don tsabar kunya. Na ƙi ji, na ce sai kana nan mu ji tare."

Na-ɗaki ya zabura. "Auta, bari, ba yanzu ba—"

"Ka ga irin halin nasa ko? Umma, saurara ki ji aikin ɗanki!"

Ta haɗa wayarta da lasifika. Sautin ya fara a hankali, kamar iska ta ƙarƙashin ƙofa. Yaya ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, sai muryar ta shigo. Na-ɗaki ya ja kalmomin har ba a gane su, amma guna-gunin waƙar bai ɓoyu ba, domin da shi Umma ta yi renon Auta da Yaya. Murmushin Auta ya fara dusashewa. Can kusa da ƙarshe sunan nan ya fito tar, don Na-ɗaki ya bar shi yadda yake saboda daɗin amonsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

"Kashe," in ji Umma.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta shige ɗakinta ta rufe.

Yaya ya tashi tsaye, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. "Muryar wa na ji? Kai nake tambaya! Uwata ce ka sa wa na'ura a gidanka?"

"Ba da gangan na ɗauka ba, Yaya, mantawa na yi da rikodar a—"

"Ɗorawar ma mantawa ka yi?"

Na-ɗaki ya sunkuyar da kai.

Kafin la'asar Yaya ya sa jakar Umma a mota. Auta ta shiga sutudiyo, inda mijinta yake zaune a ƙasa tsakanin wayoyi, ita ma da jakarta a hannu, hawaye sun wanke mata fuska.

"Tun yaushe?"

"Mako shida."

"Mako shida muna cin abinci a kwano ɗaya! Na kawo ta gidan nan ne don ta samu inda za ta huta, na ce mata mijina ba shi da hayaniya, ba shi da sa ido. Ashe kunne ka sa!" Muryarta ta karye. "Ka san abin da ya fi ci min rai? Ni da ta haifa ban san tana kuka ba. Kullum in fita in ce Umma sai na dawo, ta yi min murmushi. Mutum dubu tamanin sun ji kukan uwata kafin ni!"

"Auta, na tuba. Sori, wallahi—"

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ni ba yaji na yi ba, uwata zan bi. In ba ta yafe maka ba, ban san da wane ido zan dawo gidan nan ba."

Da ƙarar motar ta ɓace, ya goge kiɗan daga shafinsa, ya goge daga kwamfuta. Sai dai magana zarar bunu ce. Ya tarar wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu shafukan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, wasu suka cire, wasu ko amsa ba su ba shi ba. A nan ya gane cewa abin da ya ɗauka ba zai taɓa iya mayar da shi duka ba, ya kifa kai a kan kibod ya yi kuka mai yawa.

Washegari ya tafi gidan Yaya, wanda yake manne da garejin. Yaya ya tare ƙofa.

"Ba ta son ganinka. Ita ma ɗayar haka."

"Zan jira."

"Jira har ka yi tsiro!"

Ya zauna a kan wani benci mai maiƙo a bakin garejin. Mutumin da ƙarar cokali a faranti take damunsa, ga shi tsakanin guduma da injin walda daga safe har yamma. Makanikai suka yi ta zolayarsa, wani ya buga sifana a jikin tsohuwar taya ya ce, "Maigida, ɗauki wannan, ba sai ka nemi izini ba!" Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya haɗiye, don ya san kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Haka ya yi kwana takwas. Sau biyu ya hango labulen tagar sama ya motsa.

A rana ta tara Yaya ya tsaya a kansa. "Zaɓi ɗaya: kayan kiɗan nan ko ƙanwata."

A rana ta goma ya zo da kwali biyu a tasi, kwamfuta da kibod da rikoda da komai, ya ajiye a ƙofar gida. Yaya bai zaci haka ba, ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai aka ji muryar Umma daga ciki.

"Ku bar shi ya shigo."

Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya kasa ƙarasawa. Auta na zaune kusa da Umma, ta rame, idanunta a kumbure.

"Umma, na ci amanarki. Ki yafe min. Kayan suna waje, na bar kiɗan."

"Me zan yi da kayanka? Su suka yi min laifi?" Ta dube shi tsaf. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka faɗa min gaskiya. Kafin ka gama wannan aikin naka, sau nawa ka saurari kukan nan?"

"Ya fi sau ɗari, Umma."

"Sau ɗari. To a cikin kwanakin nan, ɗakina yana taku biyar daga naka, sau nawa ka zo ka ce, Umma, sannu, ya jikin zuciya?"

Hawayensa suka dinga ɗiga a kan tayil.

"Tona min asiri da ka yi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Sunan nan tsakanina da shi ne, shekara talatin da huɗu. Amma da ka ji ni, ka zo ka zauna kusa da ni ko ba ka ce komai ba, da na ce Allah Ya ba ni ɗa. Kai ka ji kiɗa, ba ka ji ni ba."

Auta ta fashe da kuka ta faɗa jikinta. "Umma, ni ma ban ji ki ba, ni ma ki yafe min!"

"Ke kuma ni na ɓoye miki, laifina ne." Ta shafa kanta. "Na yafe muku dukanku. Tashi ki bi mijinki. Wanda ya yi kwana goma a bencin yayanki bai gudu ba, yana sonki. Kai kuma ka kwashe kayanka, sana'arka ce, amma ka koyi neman izini."

"Umma, ke fa? Ki dawo mana," in ji Auta.

"A'a. Nan zan zauna."

Wannan a'a ɗin ta fi duk zagin Yaya zafi a zuciyar Na-ɗaki. An yafe masa, amma Umma ba ta ƙara yarda da bangon gidansa ba, kuma bai ga laifinta ba. A tasi, da suka kusa gida, Auta ta sa hannunta cikin nasa ta ce, "Kar ka sake ɓoye min abu, ko da mummuna ne."

"Ba zan sake ba."

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya rufe kwamfuta ya taka zuwa gidan Yaya. Ya gaida Umma, ta amsa a taƙaice, ya zauna minti ashirin su biyu shiru, ya tashi. Yaya har ya gaji da harara ya koma tsokana, yana cewa Na-ɗaki ya zama Na-hanya. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, gaisuwar ba ta wuce gaisuwa ba. Akwai ranakun da ya so ya haƙura, sai ya tuna ba shi aka yi wa laifi ba.

A cikin wata na huɗu, wata yammar Laraba, ya miƙe zai tafi sai Umma ta ce, "Tsaya. Abin nan naka yana aljihunka?"

"A'a, Umma. Ko waya ba na shigowa da ita."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa gefe, ta nuna masa wuri a kan kujerar da take zaune.

"To zauna. Bari in gaya maka yadda na fara ganin Babansu. Ko Auta ba ta san wannan ba."

Ya zauna. Ta yi labari, ta yi dariya, ta yi kuka a gabansa da idonta a buɗe. Wannan karon ita ta ba shi da kanta, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ta ce ba, har matarsa.

Ku da Allah Ya hore wa baiwa, ku sani cewa gwaninta ba ta halatta maka abin da ba a ba ka ba. Kukan mutum amana ce ga duk wanda ya ji shi, kuma hakkinsa na farko shi ne ka tashi ka je ka ce sannu. Wanda ya yi kuskure kuwa, ya amsa laifinsa da bakinsa, ya yi haƙurin jira, domin yafiya takan zo a rana ɗaya, amma yarda sai an bi ta da ƙafa kullum.