Hoton Da Aka Yanke Wa Hannu

Siton shagon labulen Kawu ba shi da taga ko ɗaya, kuma a nan aka ajiye yarinyar da duk gidan ke kira 'Yar Taga! Tun safe take durƙushe a kan siminti, tana ninke yadi tana tsince allurai, ƙurar auduga tana shaƙe ta, yatsunta duk sun farfashe. Shekara guda ke nan da rasuwar Ummanta, shekara guda da Kawu, yayan Umman, ya sayar da gidansu ya kawo ta nan. Sunan kuwa Anti, matar Kawu, ce ta laƙaba mata, don duk inda ta ga haske yana ratsa ƙyalle sai ta tsaya ta saki baki, kamar wadda aka kira daga wata duniya...

Da ma a wata duniyar take. Idan ta lumshe ido sai siton ya narke, ta ga ɗakin Umma da hantsi: labulen nan ruwan toka da Umma ta ɗinka da hannunta yana kumbura yana sacewa kamar mai numfashi, rana tana zubowa ta cikinsa a hankali, tana kwanciya a kan keken ɗinki. A watannin jinya, wani lokaci da safe sai ta ɗauki hoton labulen da tsohuwar wayar Umma, ita kuma Umma ta miƙo siririn hannunta daga gado ta riƙe gefensa, tana cewa, "Ɗauka da sauri, 'yata, hasken nan ba ya jira." Hotuna arba'in ta tara. Bayan rasuwar ta buɗe wani ɗan shafi a intanet ta zuba su, kowanne da sunanta a ƙasan kusurwa. Shi ne kaɗai ɗakin da ya rage mata a duniya.

Wata ranar Talata Anti ta ƙwala mata kira ta zo da tsumma ta goge teburin shago. A nan ta tarar da Yaya, babban ɗan Kawu, ya baje a gaban kwamfuta yana nuna wa iyayensa sabon shafin da ya buɗe wa shagon. Tana ɗaga kai tsumman ya faɗi daga hannunta. Labulen Umma ne! Ga hasken, ga kumburin iskar... amma an datse gefen dama, babu hannun, an datse ƙasa, babu sunanta. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: AIKIN SHAGONMU.

"Yaya... ɗakin Ummata ne wannan," ta faɗa. "Ni na ɗauka."

Yaya ya kwashe da dariya har da buga tebur. "Ji 'Yar Taga! Ke da ko biro ba ki riƙe daidai? A intanet na samu, malama. Abin da ke intanet ai na kowa ne, kamar iska."

Kaico! Wannan magana ita ta kashe mu, kuma masu karatu ne ke faɗinta ba kunya! Mutumin da ba zai ɗauki takalmin wani a ƙofar shago ba, shi ne zai kwashe hoton wani ya yanke sunansa ya ce tsintuwa ya yi. Hoto yana da mai shi tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ko an rubuta suna ko ba a rubuta ba, kuma ganinsa a waya bai zama izini ba. Amma wa ke son ji? Shi kuwa Kawu ya dubi hoton ya ɗaga kafaɗa. Ina zai gane ɗakin? Wata bakwai ƙanwarsa tana kwance, sau ɗaya bai taka ƙafarsa can ba.

Ta buɗe shafinta a waya ta nuna musu, tana zaton magana ta ƙare. Fuskar Yaya ta sauya, amma ba don nadama ba. Kafin la'asar ya aika ƙorafi ga kamfanin da ke riƙe da shafinta, ya ce wata yarinya ta sace hotunan shagonsu ta manna sunanta. Shago ne mai rajista da adireshi, ita kuwa wace ce? Bayan kwana uku aka rufe shafin nata. Anti ta fizge wayar a gaban teloli da masu ciniki, tana tafa hannu. "Ɓarauniya! Mu ci da ke mu sha da ke, ki zagaye ki sace mana kaya? Marainiyar da ba ta da godiya!" Yaya ya karɓi wayar, ya danna abin da zai danna, ya miƙo mata ita wayam. Hotuna arba'in, babu ko ɗaya.

Ta koma sito ta kifa fuskarta a kan bandir ɗin yadi, hawaye suka jiƙa shi har ya canza launi. "Ya Allah, Kai ne shaidata... Ya Allah, sun binne min ita sau biyu..." Tun daga ranar teloli suka riƙa ɓoye almakashinsu idan ta gifta. Ta daina cin abinci sosai. Mafi ciwo, idan ta lumshe ido ɗakin yana zuwa, amma a yanke: labule yana kaɗawa, gefen dama kuwa fari fat, ta miƙa hannu ta miƙa, babu wanda ya riƙe ta.

Bayan sati biyar wata Hajiya mai otal ta shigo shagon da sakatariyarta. Ta ga shafin shagon, ta ce labulen nan take so a ɗakuna sittin, kuma hoton kansa tana son a buga shi babba a bangon zaure. Kawu ya rasa inda zai sa ta don murna.

"Wa ya ɗauki hoton?" in ji Hajiya.

"Ni ne, ranki ya daɗe," Yaya ya dafa ƙirji.

"Madalla. Turo wa sakatariyata na asalin, mai girman."

Ya tura abin da yake da shi. Sakatariyar ta buɗa shi a kwamfutarta, hoton ya tarwatse ya zama dabbare-dabbare. Ta ɗaga gira. "Wannan ai kwafi ne, ɗan'uwa. Ina na cikin kyamararka?" Yaya ya shiga kame-kame: kyamarar ta lalace, wani aboki ya ara, ai jiya ma tana nan. Hajiya ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Kuma labulen nan a ɗame yake ta dama, kamar ana jansa. Me ke jansa?"

"Ƙusa ce," in ji Yaya.

"Hannun Ummata ne."

Kowa ya waiwaya. 'Yar Taga ce a bakin sito, rungume da yadi, hawaye na bin kumatunta. "Akwai zoben azurfa a ɗan yatsanta, da filasta inda ake sa mata ruwa. Da hantsi ne, kwana tara kafin ta rasu."

"Koma ciki, munafuka!" Anti ta daka mata tsawa. Hajiya ta ɗaga hannu, shagon ya yi tsit. Sakatariyar ta jefa hoton cikin manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, kuma cikin daƙiƙu kaɗan ta juyo da kwamfutar. Shafin wata ƙungiyar masu jinyar iyaye ne, na watanni goma da suka wuce, tun shagon Kawu bai san intanet ba. Ga hoton cikakke! Ga hannun, ga zoben, ga filastar, ga sunan yarinyar a kusurwa, a ƙasa kuma an rubuta: An sa shi da izinin mai shi. Sai a lokacin ta tuna da saƙon da wata baƙuwa ta taɓa aiko mata cikin ladabi tana roƙon hoton, ita kuma ta ce a ɗauka, a dai bar shi yadda yake.

Ta durƙusa a gaban kwamfutar ta ɗora yatsunta a kan na Umma. "Umma... ashe kina nan..."

Da Hajiya ta ji daga bakin yarinyar yadda aka rufe shafinta aka kira ta ɓarauniya, sai ta miƙe, idonta jawur. "Ba na ciniki da ɓarawon da ke kiran mai kaya ɓarauniya. Ke 'yata, tashi. Gobe lauyana zai rubuta wa kamfanin da ya rufe shafinki." Haka kuwa aka yi. Aka buɗe shafinta da hotuna arba'in ɗinsa cif, aka rufe na shagon saboda sata da ƙorafin ƙarya. Labari ya zaga layin, masu ciniki suka janye, Kawu ya karɓe makullai daga hannun Yaya, Anti kuwa ta yi wata guda ba ta leƙo shagon ba don kunyar teloli. Hajiya ta ba yarinyar kyamara da ɗaki a otal, ta ce ta ɗauki hoton kowace taga yadda ranta yake so.

Ranar da za ta tafi, Kawu ya tare ta a ƙofa, hularsa a hannu, ya tsufa a sati ɗaya. "Zoben nan na hoton ni na saya wa Ummanki muna yara," ya ce. "Ba ni da hotonta ko ɗaya. Ban cancanta ba, na sani... amma za ki yarda in rataye wannan hoton a ɗakina?"

Ta share hawayenta da bakin gyale.

"Na yarda, Kawu. Da ɗanka ya tambaye ni haka tun farko, wallahi da na ba shi."