Koren Zare a Bakin Riga

Ɗaki biyu suke haya, amma a ɗaya suke kwana. Ɗayan na kayan mutane ne: igiyoyi, teburin guga, da kwandunan wanki jere a jikin bango. Mijin, kowa a layin Mai Guga yake ce masa. Matar kuwa shi ya laƙaba mata Manaja, don tun da ta shigo gidan ta hana kuɗin sabulu haɗuwa da na cefane. Ita ce kuma ta fito da dabarar zare: duk rigar da aka kawo wanki sai ta ɗinka ɗan zare a cikin kalmasarta, kowane gida da launinsa. Tun daga nan kayan wani bai sake tafiya gidan wani ba.

Wata rana da yamma Manaja tana ninke kaya, ga ciki ya fara turo riga, sai Yaya Babba ta faɗo gidan tana ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Yayar mijin ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, kuma ba ta taɓa bari a manta da hakan ba.

"Wash! Ba ni ruwa, matar ƙanina. Yau na kashe su a wurin liyafar nan! Kowa sai tambaya yake, a ina na sayi rigar?"

Doguwar riga ce ruwan zuma mai aikin duwatsu, amma an ci mutuncinta. Gumi ya zana taswira a hammata, maiƙo ya gangaro daga ƙirji, jan baki ya shafi wuya. Yaya ta baje a kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, bakin rigar ya juyo. Manaja ta hango ɗan koren zare.

Kore launin Mai Masauki ne, matar nan mai gidan saukar baƙi, wadda ta kawo rigarta don gwaji, ta ce in aikinsu ya yi mata za ta ba su wankin zanin gado da tawul na masaukin duka, biya duk ƙarshen wata. A kan wannan alkawari Manaja ta ɗora kuɗin haya da na haihuwa, da daina kwanan zullumin abin da za a ci gobe.

"Yaya... wa ya ba ki rigar nan?"

"Wa zai ba ni in ba ƙanina ba? Yau aka fara? Ai aro ne, a sa a mayar, ku wanke. Mai ita ta ina za ta sani?"

Yau aka fara! Nan take Manaja ta tuna kwastomomin da suka yi ƙorafin warin turare a kayansu, suka ɗauke ƙafa. Ita kuwa ta yi ta zargin sabulu. Ashe tana wanke dattin mutane da hannunta, ana sake kwaso mata wani ta bayan gida. Tir!

Ana haka Mai Guga ya shigo da buhun gawayi a kafaɗa. Yana ganin fuskar matarsa ya sauke buhun a hankali.

"Manaja, ki tsaya in yi miki bayani—"

"Rigar Mai Masauki ce, Maigida! Ta Mai Masauki!"

"Wallahi ban duba zaren ba. Cewa ta yi awa biyu kawai..."

"To, da ka duba fa? Ta wani gidan za ka ba ta?"

Yaya ta miƙe tana huci. "Au, a gabana take titsiye ka? Ni da na goya ka, na sayar da ɗankunnena na sa ka makaranta, yau tsumman wata ya fi ni? Ga tsiyarku nan!"

Ta shige ɗaki ta fizge rigar daga jikinta. Daga tsakar gida suka ji ƙarar—ƙiiit! Hannun rigar ya rabu da kafaɗa, duwatsu suka watse a siminti. Ta yafa mayafin Manaja a kan tufafinta na ciki, ko izini babu, ta jefo rigar bakin ƙofa ta fice.

Mai Guga ya durƙusa yana tsince duwatsu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sai mu ce dutsen guga ne ya kama ta. Kowa ya san ana samun tsautsayi. In muka ce aro aka bayar, kwangilar ta tafi."

Wannan maganar ta fi gumin hammatar ba ta ƙyama. Hawaye suka zubo mata.

"Ka tuna abin da ya sa na aure ka? Ba ka da komai sai dutsen guga da bokiti. Amma ka biyo ni har tasha a guje, don ka mayar min da zoben da na manta a aljihun rigar da na kai maka wanki. A ranar na ce wannan ne mijina. Yanzu ina mutumin nan yake? Talauci ban taɓa jin kunyarsa ba, Maigida. Amma yau ina jin kunyarka."

Ranar ko abinci ba wanda ya nema.

Da safe ta ninke rigar yadda take, da maiƙonta da komai, ta kama hanya ita kaɗai. Ba ta kai bakin titi ba ta ji an karɓe ledar daga hannunta.

"Ni na ɓata, ni zan faɗa," ya ce. Idanunsa sun yi ja.

A ofishin masaukin ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma jingina laifin ga yayarsa ba. Mai Masauki ta ɗaga rigar da yatsa biyu, ta yamutsa fuska.

"Wato jikin wata ya shiga rigata! Ku biya ni kuɗinta, kuma kada in sake ganinku."

Haka suka fito, babu kwangila, ga biyan riga. Amma a hanya ya tsaya ya sayi kwaɗo. Da Yaya ta dawo bayan kwana biyu neman aron mayafin fita, a gabanta ya datse ɗakin kaya, ya miƙa wa Manaja makullin.

"Yaya, abin da ke aljihuna naki ne har in mutu. Abin da ke ɗakin nan kuwa ba nawa ba ne."

Sai ga dangi sun taso. An ce mace ta shanye shi, an ce ya zama bawan mata, aka daina amsa gaisuwar Manaja. Ta haɗiye. Suka rage nama, suka rage fita, suka biya rigar kaɗan-kaɗan. Duk da haka, kowane ƙarshen wata ita da kanta take ware ɗan abin da za a kai wa Yaya. Kwastomomi kuma suka fara dawowa, don yanzu kaya sabulu kawai suke ƙamshi.

Manaja tana goye da jaririyarta wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida, shaƙe da zanin gado. Mai Masauki ta leƙo.

"Na gwada wurare uku. Kowa ya ɓatar min da tawul sai ya rantse bai gani ba. Ku kaɗai kuka taɓa yi min ɓarna kuka kawo kanku. Har yanzu kore ne launina?"

"Kore ne, ranki ya daɗe!" Manaja ta faɗa.

Yaya ma ta zo daga baya, ba turare, ba hayaniya, da ƙullin tsofaffin kayanta a hannu, wai ko za a ɗan goge mata. Manaja ta karɓa da hannu biyu, ta zaro allura ta ɗinka shuɗin zare a bakin kowace riga.

"Ga naki launin, Yaya. Duk wanda ya zo aronsu, ba zan bayar ba."

Mai Guga ya juya baya yana danne dariya. Yaya ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu a ba ta jaririyar.

Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da jarin da ya wuce amanar da mutane suka ba shi. Wanda ya yi wa dangi kyauta da ita, gidansa ya rusa, su ma bai taimake su ba. Manaja ta yi haƙuri ta riƙe tata, ga shi yau har Yaya a cikinta take ci.